Kada Ki Zo Bikin Roni Da Rikoda

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Autata, daga Innarki a Gwiwa.

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya. Allah ya tsare mini ke a Kano, ya kare ki daga sharrin mota da sharrin mutum, ya haɗa ki da maƙwabta nagari. Babanki yana gaishe ki. Sauran labarin gida kya ji in kin zo, ba shi ya zaunar da ni ba.

Da hannuna nake rubutawa, sai ki yi haƙuri da shi. Kin san da girma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na so, da na je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa, amma ba na son kowa ya ji maganar nan kafin ke.

Ranar da za ki tafi, muna tsaye a tasha ana ɗaure akwatinki a saman mota, kika ce mini manajanku ya ce ki zo bikin Laraba 'yar Kawunki Sale a Roni da rikoda. Ki ɗauko waƙar mata, ki ɗauko guɗata, a sa a tallan ɗan takara a rediyo. Kin faɗa kina gyara ɗankwali, kamar abin ba komai ba ne. Na ce miki to, don akwai mutane a wurin. Auta, na janye. Kada ki zo bikin nan da rikoda.

Ga yadda na fahimci aikinku, in na yi kuskure ki gyara mini. Kamfaninku ba jam'iyya ba ne. Jam'iyya ce take zuwa ta ɗauke ku haya, yadda mai biki yake ɗaukar makaɗa, ku kuma ku gyara wa ɗan takararta suna, ku buga hotonsa, ku shirya abin da zai faɗa da abin da za a faɗa a kansa. Yanzu da soja za su sauka, aka ce mu mata ma za mu jefa ƙuri'a, sai suka ga namiji ba ya wuce zaure. Shi ya sa suka ɗauke ki. Ba na raina karatunki, amma ki sani ƙafarki suka fi so, don ita take shiga har ɗakin matar gida.

Kin taso kin tarar ba ma shiri da Kawunki Sale, kin kuma ji labarin a gutsure. Yanzu ki ji shi daga bakina.

Lokacin siyasar farko ne, kina ƙarama, ko makaranta ba a sa ki ba. A lokacin babu bikin da za a yi daga nan har Roni ba a aiko mini ba. Wata rana da hantsi matar mai unguwa ta aiko in zo, an yi baƙi. Na tarar da mota mai lasifika a ƙofar gida, mata kuma sun cika tsakar gida. A zaure akwai wani mutumin kudu da taye a wuya, da wani Bahaushe mai yi masa tafinta. A gabansu wani akwati ne mai faifai biyu suna juyawa. Tafintan ya miƙo wani ƙarfe ta bakin ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, an ce duk ƙasar nan babu maguɗiya kamarki."

Na ce, "Wa ake aurarwa?"

Ya ce, "Nijeriya ce amarya."

Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi. A wurinmu baƙo in ya sauka gidan mai unguwa ana yi masa maraba, ni kuma abin da nake da shi ke nan. Na toshe hanci na rangaɗa. Ya ce in ƙara, na ƙara. Sai ya murɗa wani abu, muka ji guɗar ta fito daga cikin akwati, bakina a rufe. Wasu suka ruga ɗaki, suka dawo suna dariya. Ban taɓa jin muryata daga waje ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta yi mini daɗi. Aka ba ni turmin atamfa, na tafi gida ina murna.

Kuskurena a nan shi ne ban tambayi inda za a kai ta ba. A sanina guɗa tana ƙarewa inda numfashi ya ƙare. Wanda aka yi wa ya ji, shi ke nan, ta wuce. Ban san ana ɗaukarta a ajiye, a fito da ita ranar da ba ni na zaɓa ba, a kan mutumin da ba ni na zaɓa ba. Matan da za ki shiga wurinsu yanzu sun san rediyo, tun da kuɗin fetur ya shigo kowane gida da tasa, amma ba su san abin da ake yi da murya bayan an fita da ita ba. Ke kin sani. In kin yi shiru kin ɗauka, kin cuce su, ko da suna dariya lokacin da kike ɗauka.

Kawunki a lokacin yana ɗinki a kasuwar Roni, yana kuma cikin ɗaya jam'iyyar, wadda ba ta manya ba. Aka kama shi da wasu, aka ce sun yi taro ba izini. Ranar kasuwa aka ɗaura musu igiya a ƙugu aka ratsa da su ta tsakiyar rumfuna. Motar nan tana biye da su a hankali, mai lasifika yana cewa ga masu raina na gaba, ga ƙarshen rashin kunya. In ya faɗa sai ya saki guɗa. Tawa.

Guɗata ba ta ɓuya. Innarmu ce ta koya mini, ita ce mai karya ta a tsakiya ta sake ɗaukowa sama, kuma ba mai yin haka sai mu. Da ita Sale ya girma. Gambo mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarmu ta da, tana kasuwar ranar, ita ta zo ta gaya mini. Ta ce, "Dije, da ya ji sai ya tsaya cak. Ya waiwaya yana duba cikin mutane, ke yake nema. Sai da aka fizgi igiyar."

Ba Roni kaɗai ba. An ji ta a Babura, an ji ta a Kazaure, duk inda aka kama wani ko aka kunyata wani. Ina zaune a ɗakina ina tankaɗe, muryata tana yawo kasuwa-kasuwa tana yi wa 'ya'yan mutane dariya.

Na tasa Babanki a gaba muka tafi Kazaure ofishin jam'iyyar manya, wai in karɓo muryata. Har da atamfar na so in tafi in mayar, amma na riga na yanka ta. Sakataren ya saurare mu yana cin goro, ya ce, "Mu ba mu ɗauki muryar kowa ba. Kamfani ne."

Babanki ya ce, "Ina kamfanin yake?"

Ya ce, "Ikko. In kuna da kuɗin jirgi, bismilla."

Na ce, "Ai ku kuka sa su."

Ya ce, "Mun ce su tallata mu. Ba mu ce su je Gwiwa su sa ki guɗa ba. Ke wa ya matse miki hanci?"

Bayan an gama zaɓe na haɗu da tafintan nan a kasuwar Babura, yana sayen kaji. Na tare shi. Da ƙyar ya tuna ni. Ya ce, "Ayya, baiwar Allah, mu aiki aka ba mu, mun yi mun miƙa. Abin da jam'iyya ta yi da faifai ba ruwanmu." Ya ƙara da cewa kamfanin ma ya tattara, yana can kudu yana yi wa wata jam'iyyar aiki.

Wautata ita ce na zaci akwai mutum ɗaya da yake riƙe da abin, wanda zan durƙusa masa ya ji tausayina. Babu shi. Daga baya na gane don haka ake ɗaukar kamfani tun farko. Jam'iyya ta ce kamfani ne, kamfani ya ce jam'iyya ce, kowa hannunsa a wanke. Wanda ya rage a gari shi ake nunawa. A wancan karon ni ce. A wannan karon ke ce, don matan nan ba su san manajanku ba, ba su san mai kamfani ba. Autar Dije suka sani, wadda ta zauna a kan tabarmarsu ta sha furarsu.

Ke da bakinki kika ba mu labari kina dariya, kika ce a gininku ofishin sama yana yi wa wata jam'iyya aiki, na ƙasa yana yi wa abokiyar hamayyarta, sunansu daban amma injin buga takardarsu ɗaya, mai gidansu ɗaya. Kowa ya yi dariya ranar, ban da ni. Kaset ɗin da kika ɗauko wa na ƙasa, me zai hana shi hawa bene?

Sai maganar atamfar nan. Sale yana tsare, na shirya in je in yi wa matarsa Asabe jaje. Na duba kayana, babu zane mai kyau kamar wannan, sai na ɗaura shi. Ba hoton kowa a jikinsa, ba alamar jam'iyya, ban ga laifi ba. Ashe irinsa aka raba wa duk wanda ya yi wa motar nan aiki, kowa ya san zanen. Na yi sallama na shiga, Asabe tana daka. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Dije, ashe da ladan guɗar kika zo mana jaje." Ba ta ajiye taɓaryar ba har na fita.

Don haka duk abin da za su ba ki na sawa, ki bar shi a Kano. Ki lura da manajanku. Ranar da ya zo neman iznin Babanki na duba shi sosai, babu bajo a ƙirjinsa, babu hoton kowa a motarsa, hularsa ma ba irin ta kowace jam'iyya ba ce. Su ba sa sawa. Mu ake ɗaura wa, don gobe su canza, mu kuma a tuna mu da shi.

Mafi nauyi a cikin kura-kuraina shi ne shirun da na yi. Da aka saki Sale ban je ba. Kunya ta hana ni. Na dama fura na aika, aka dawo da ƙwaryar yadda take. Na ce bari ya huce. Damina ta wuce, wata ta zo, ina jiran ya huce. Har Innarmu ta rasu, muka zauna zaman makoki gida ɗaya, yana zaure ina ciki, mai gaisuwa ya gaishe shi ya shigo ya gaishe ni, mu ba mu gaisa ba. Da na je da ƙafata a makon da ya fito na ce masa, Yaya, wallahi ban san abin da za a yi da ita ba, da ya zage ni ya gama, da an wuce wurin. Na bar shi shekara da shekaru yana zaton na sani. Auta, in kin yi wa mutum laifi a aikin nan, kuma za ki yi, don aikin na shiga tsakanin mutane ne, ki je da kanki tun abin yana ɗanye. Kada ki aika.

Tun daga ranar da Gambo ta zo mini da labarin nan ban sake guɗa ba. Bikin yayyenki ma wata aka ɗauko. Kin sha tambayata dalili, ina ce miki haƙorina ne.

Kin san yadda aka fara shiryawa. Da kika ci jarrabawar kwalejin horon malamai, sai ga kayan makaranta an aiko daga Roni a ɗinke, daidai jikinki, ba saƙon komai. Daga nan aka fara gaisawa a wurin suna da jana'iza, sama-sama. Sai bana bayan girbi Sale ya zo da kansa a kan keke. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya yi ta zancen farashin gero da Babanki. Da zai tashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Laraba za ta tare bayan Salla. Da guɗar Inna nake so a kai ta." Ya hau kekensa.

Nan na sake yin wani kuskuren, da tsufana. Murna ta sa bakina ya ƙi rufuwa. Manajanku ya zo, yana ta kirana Hajiya, ni da ban taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba. Yana yaba tarbiyyarki, yana yaba dambun da na kawo masa. Ya ce ko akwai wani biki a dangi nan kusa, don kada aiki ya hana ki zuwa. Na zaci kirki ne. Na kwashe labarin bikin na ba shi, har da cewa ni zan yi guɗa bayan na daɗe ban yi ba. Na ga ya dubi direbansa. A lokacin ban kawo komai ba, sai da kika yi maganar nan a tasha na gane abin da ya tambaya. Ki kiyayi mai yabonki yana tambaya a lokaci ɗaya. Ni sau biyu ana yi mini, kuma duk biyun na ji daɗi lokacin da ake yi.

Na san abin da za ki ce, don kin fara faɗa kafin mota ta tashi. Kin ce, "Inna, guɗa ce kawai, ba sunan kowa a ciki. Kuma ai jam'iyyar da Kawu yake so muke yi wa aiki." Na yi ta juya maganar nan. Na ce wataƙila ke ce da gaskiya, wataƙila tsoro ne ya yi mini yawa. Amma na ga in na zauna ina juyawa, irin zaman da na yi a da ne. Sai na ɗauki mayafi ranar kasuwar Roni na hau mota.

Na same shi a rumfarsa yana ɗinka kayan amarya. Na gaya masa duka, har da yadda maganar ta fita daga bakina. Bai tsayar da keken ɗinkin ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya ciji zare ya ce, "Har yanzu ba a ɗinke miki bakin nan ba?"

Na ce, "Ga ni na kawo, Yaya."

Ya ɗan yi murmushi, sannan fuskarsa ta koma. Na ce masa kin ce tasu ce jam'iyyar, wataƙila ma ya ji daɗi a ji guɗar gidansa a tallanta. Ya ce, "Dije, in tamu ta ci, mu ma za mu kama mutane. Na san mutanenmu, tare muka sha ɗauri, na san abin da ke cikinsu. Wanda za a ja da igiya gobe, shi ma yana da ƙanwa."

Ya ce in gaya miki ki zo, ɗakin amarya ba zai yi kyau ba in babu abokiyar wasanta, kuma Laraba ta ce tana nan ta tanadar miki tsiya. Amma ya ce ranar shi zai zauna a zaure da kansa, duk jakar da ta fi ta kayan kwalliya girma sai ya buɗe ta, ko ta wace ce. Ba da wasa ya faɗa ba. Ki tuna zauren zai cika da dangin ango. Kada ki sa Kawunki ya buɗe jakar 'yar ƙanwarsa a gaban surukai. In kuma kin ce za ki ɓoye ta a cikin zane, na ga irin ƙananan da ake sayarwa yanzu, to ki sani ranar da ya ji ta a rediyo ba zai ce Auta ce ba. Zai ce Dije ta sake.

Ban ce ki bar aikin ba. Na san yadda kika so shi, na ga fuskarki ranar da takardar ɗauka ta zo. In an aike ki wurin mata, ki je da sallama, mai gidan ya sani. Kafin ki danna komai ki gaya wa matar wa ya aiko ki, wace jam'iyya ce ta biya, a ina za a sa muryarta, kuma ki gaya mata gaskiya cewa in ta fita ba ta dawowa. Wadda ta yarda bayan ta ji wannan, ruwanta. Amma biki da suna da makoki ba wurin aikinku ba ne. Mutanen da ke wurin ba dominku suka taru ba.

Manajanku kuma ki same shi tun yanzu, kada ki bari sai ana gobe biki. Ki ce masa uwarki ta hana. Ki ɗora mini, na iya ɗauka. Zai ce miki abin ba komai ba ne, zai ce ke 'yar boko ce kada ki biye wa tsofaffi, wataƙila ya ce akwai 'yan mata da yawa masu neman kujerarki. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma shi ne yake tayar mini da hankali, don na san ina iya jawo miki asarar abin da kika sha wahala a kansa. In ya kore ki a kan wannan, ki dawo, takardarki ta koyarwa tana nan a ƙasan adakata, makarantu kuma sai buɗewa ake yi ana neman malamai. In kin yi fushi da ni, ki yi. Zan zo har Kano in zauna a ƙofar ɗakinki har ki huce.

Ga abin da na yanke, don kada ki ce ban gaya miki ba. In na ga rikodar nan a gidan bikin, ko na ji an ce an gan ta a hannunki ko a hannun wani da kuka zo tare, ba zan buɗe bakina ba. Za a fito da Laraba, mata su juyo suna jirana, Asabe tana kallona, Sale yana saurare daga zaure, ni kuma in tsaya shiru. Abin da za a ce a kaina na san shi, na taɓa ji. Na gwammace wannan da in sake ba su ita. Ke kaɗai za ki iya hana a kai ga haka.

Ki ba direban da ya kawo miki takardar nan amsa, ko layi ɗaya ne, kafin Salla. Ki zo da wuri, tun ranar kamu, ki zo hannunki sake don ke za ki riƙe wa Laraba mayafi.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mutuncinki a inda ba na gani. Allah ya tsare bakinki da ƙafarki, ya raba ki da abin da za ki yi nadama a kansa da girma. Allah ya kawo mini ke Roni lafiya, ya mayar da ke lafiya. Amin.

Ni ce Innarki,
Dije.